Zaɓen Ma'ajiyar Kwafin Fayiloli ga Ƙaramin Ofis a Ƙasar Gumel

Uwar garke ita ce kwamfutar da ofis ke tara fayilolinsa a cikinta, sauran kwamfutoci suna ɗauka suna mayarwa ta waya ko ta Wi-Fi. A Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ba kasafai ake ganin babbar na'ura mai ɗakin kanta ba. Galibi kwamfutar tebur ce guda a kusurwar ofis, an buɗe folda ɗaya kowa yana shiga. A makaranta mai zaman kanta sakamakon jarrabawa ne a ciki, a shagon buga takardu zanen katin biki da kalanda, a ƙaramin asibiti katin marasa lafiya, a wurin dillalin riɗi da zoɓo kuwa lissafin buhuna da bashin da ake bin manoma. Ko wace iri ce, faifan da ke cikinta zai mutu wata rana. Kwafin ajiya shi ne abin da ake komawa gare shi a ranar, kuma inda aka zaɓa aka ajiye shi ne ke yanke hukuncin ko ofis zai koma aiki da la'asar ko kuwa zai fara tattara tarihinsa daga rasitai.

Abubuwan da ke cinye fayiloli a yankin

Ana fara sanin abin da ake gudu kafin a tambayi farashi, domin kowace ma'ajiya akwai masifar da take karewa, akwai kuma wadda ba ta iya komai a kanta.

Lantarki ne a gaba. Wutar KEDCO, kamfanin da ke rarrabawa a Kano, Katsina da Jigawa, tana zuwa tana ɗaukewa ba sallama, ofis kuma yana sauyawa tsakaninta da janareto da inbata sau da yawa a yini. In wuta ta ɗauke faifai yana tsakiyar rubutu, fayil ɗin da ake rubutawa na iya lalacewa, wani lokaci har da jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. In ta dawo da ƙarfi fiye da kima, ko tsawar damina ta biyo waya, allon lantarkin faifan ne ke ƙonewa, kuma duk na'urar da ke jone a soket ɗaya tare suke tafiya. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wutar gwamnati bayan lalacewar manyan layuka. Tsarin ajiyar da ya dogara da samun wuta dare da rana bai dace da nan ba.

Sai zafi da ƙura. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano mara silin kuwa ya fi haka. Masu ƙera faifai galibi suna sa iyakar aiki a digiri 60 a jikin faifan, ƙananan akwatunan ajiya kuma digiri 40 na iskar ɗaki. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan shan iska, sai bazara ta zo ta tarar da na'ura ba ta numfashi.

Gobara, sata da ambaliya suna ɗauke ɗaki ne gaba ɗaya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016 ta cinye dubban shaguna, ambaliyar 2022 ta rushe gidaje masu yawa a Jigawa, ɓarawon da ya fasa shago kuma ba zai ɗauki kwamfuta ya bar faifan da ke gefenta ba.

Duk da haka, abin da ya fi yawan faruwa ƙarami ne: ma'aikaci ya goge folda bisa kuskure, ko ya adana sabon lissafi a kan tsoho, ba a lura ba sai bayan mako uku. Shagunan buga takardu suna da tasu matsalar, domin filash ɗin kowa yana shiga kwamfutarsu da bairos ɗinsa. Mafi muni su ne manhajojin da ke garkuwa da fayiloli, su kulle su su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayu na 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Irin wannan manhaja tana bin duk faifan da kwamfuta ke gani, har da na ajiya in yana jone.

Saboda irin waɗannan haɗura aka samo ƙa'idar da ake kira 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh na Amurka ya yaɗa: kwafi uku na bayanai, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Masu aikin yanzu suna ƙara sharaɗin cewa kwafi ɗaya ya kasance a cire, ba ya jone da wuta ko da kwamfuta. Manomi ba ya barin irin baɗi a rumbun da ake ɗiba kullum.

Lissafin farko

Girman bayanan ake fara dubawa, kuma Windows na nuna shi in an danna dama a kan folda. Takardun Word da Excel ba su da nauyi, dubbansu na shiga giga kaɗan. Takardun da aka yi wa sikanin sun fi nauyi, hotuna sun fi su, bidiyon biki kuwa shi ne mai cinye wuri. Saboda haka makaranta ko asibiti na iya shekaru bai kai giga 50 ba, alhali mai ɗaukar bidiyo zai cika tera guda cikin 'yan watanni. Ana sayen faifan da ya ninka bayanan sau biyu zuwa uku, domin ana so a riƙe kwafin jiya da na makon jiya da na watan jiya tare. A sani kuma faifan da aka rubuta wa tera 1 giga 931 yake nunawa a Windows. Ba ha'inci ba ne, bambancin ƙidaya ne tsakanin masu ƙerawa da manhaja.

Tambaya ta biyu ita ce aikin kwana nawa ofis zai iya jure rasawa. Dillalin da yawancin cinikinsa ke faruwa ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, zai iya rasa aikin Litinin bai ji ba, amma rasa shafin Alhamis rigima ce da mutane da yawa. Asibiti ba ya jure rasa ko yini guda. Amsar ita ke nuna ko kullum za a yi kwafi ko mako-mako. Ta uku ita ce awa nawa ofis zai iya zama hannu rabbana kafin a dawo da fayilolin, kuma ita ce ke raba faifan da ke cikin durowa da kwafin da sai an sauko da shi ta intanet.

Yana da amfani a raba fayilolin gida biyu: waɗanda ake taɓawa kullum, da tsofaffin da aka rufe aikinsu. Na farko su ake kwafa kullum. Na biyu ana kwafarsu sau ɗaya a wuri biyu, a riƙa duba lafiyarsu. Ba a gaggawar zubar da su, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani mai rajista riƙe littattafan lissafinsa shekara shida.

Filash, DVD da kaset

Filash da memori na kai saƙo ne, ba na ajiya ba. Suna ɓata, suna mutuwa ba alama, kuma su aka fi yi wa jabu. Faifan DVD giga 4.7 kawai yake ɗauka, zafi da hasken rana suna lalata rubutunsa, yawancin sababbin kwamfutoci ma ba su da wurin sa shi. Kaset ɗin LTO da manyan hukumomi ke amfani da shi yana da juriya, LTO-8 na ɗaukar tera 12, amma na'urar karanta shi ta fi uwar garken ƙaramin ofis tsada nesa ba kusa ba, ba ta shiri da ƙura, kuma in ta lalace ba a Gumel ko Haɗeja za a gyara ta ba.

Faifan waje

Ga yawancin ofisoshin yankin, faifan waje mai shiga ta USB shi ne ginshiƙi. Iri biyu ne. Ƙarami mai inci 2.5 yana shan wutarsa daga kwamfuta, ba ya buƙatar caja, yana shiga aljihu, kuma ana samunsa daga tera 1 zuwa 6. Babba mai inci 3.5 ya fi ɗaukar kaya, ya fi araha in an lissafa da tera, amma yana da adaftar da ake jonawa a bango, wato ƙofa ce ta biyu da muguwar wuta za ta shigo. Inda bayanai ba su wuce tera 2 ba, ƙaramin ya fi.

Saurinsa ya wadatar. Ta USB 3.0 yana rubuta kusan mega 100 a daƙiƙa, wato giga 100 cikin minti ashirin ko ƙasa da haka in manyan fayiloli ne. Dubban ƙananan takardu sun fi jan lokaci. Rauninsa faɗuwa ne: a cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 a minti da allura mai shawagi a kansa, don haka in ya faɗo daga tebur yana aiki, da wuya ya tashi.

Akwai kuma faifan SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa, yana jure girgiza da jijjigar hanya, kuma ya fi sauri sosai. Ya dace da faifan da ke yawo a kan babur tsakanin ofis da gida. Sai dai ya fi tsada, kuma bayanansa caji ne da ke tsiyayewa a hankali in an daɗe ba a jona shi ba. Ma'aunin da masana'antar ta amince da shi ya ce SSD na talakawa da ya cinye ƙarfinsa ya riƙe bayanai shekara guda a digiri 30 ba wuta, kuma zafi na rage wannan wa'adi. A akwatin ƙarfe cikin ɗakin kwano a Sule Tankarkar, digiri 30 sanyi ne. Saboda haka ba a sa tsofaffin takardu a SSD a jefa a durowa shekara uku. In ya mutu kuma, ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya.

Faifai ɗaya bai isa ba, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa. Mafi ƙaranci biyu, uku ya fi. A liƙa musu takarda, a rubuta 1, 2, 3. Ɗaya yana ofis yana karɓar kwafin kowace rana, ɗaya yana wani gida a wata unguwa, na uku yana riƙe da kwafin ƙarshen wata. Ranar Juma'a da safe a sauya na ofis da na gida. Dillalin Maigatari ya yi kwafinsa da yammacin Alhamis bayan an rufe lissafi, sannan ya sauya. Sharaɗin da ba a karyawa shi ne kada dukkansu su kwana a gini ɗaya ko dare guda. Wanda ke da shago a Gumel da reshe a Gagarawa ya samu sauƙi, sai kowane ofis ya riƙe faifan ɗan'uwansa. Ana ɗaukar faifai a jaka mai soso, ba a but ɗin babur kusa da inji ba, ba kuma a gaban mota cikin rana ba. Ana ajiye shi nesa da ƙasa da bangon da ke yoyo.

Lokacin yin kwafin ma abin lura ne. Manhajoji da yawa suna zuwa da jadawalin tsakar dare, domin an tsara su ne don ofisoshin da ba a kashe kwamfuta. A nan da dare uwar garke a kashe take. Sai a mayar da lokacin tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da batirin sola ya cika, ko rabin awa kafin a kashe janareto. In an gama, a cire faifan ta hanyar da Windows ta tanada, sannan a zare wayar.

NAS da RAID

NAS ƙaramin akwati ne mai ɗaukar faifai biyu ko huɗu, ana jona shi da wayar sadarwar ofis, kamfanoni irin su Synology da QNAP ke ƙera shi. Amfaninsa shi ne yana karɓar kwafi da kansa sau da yawa a yini ba tare da wani ya tuna ba, yana riƙe tsofaffin kwafi, kuma dawo da fayil daga cikinsa aikin minti ne. Mai faifai biyu yana shan wat 15 zuwa 20, wato ƙasa da rabin yunit a awa 24, abin da matsakaiciyar sola za ta ɗauka. Ya cancanci kuɗinsa a ofis mai kwamfuta biyar ko fiye, mai sola da batiri tsayayye, mai ɗakin da iska ke shiga. Ofishin da ke aiki da janareto awa huɗu a yini bai kamata ya saye shi ba.

Masu sayarwa kan yabi RAID, wato haɗa faifai biyu su riƙa ɗaukar rubutu iri ɗaya a lokaci ɗaya. Yana da amfani, domin in ɗaya ya mutu aiki ba ya tsayawa. Amma ba kwafin ajiya ba ne. Fayil ɗin da aka goge yana gogewa a duka biyun nan take, wanda bairos ya kulle haka, wutar da ta ƙona ɗaya kuma tana kan hanyar ɗayan. Ofishin da ya sayi NAS har yanzu yana buƙatar faifan waje da zai kwana a wani gida.

Faifan da ake sa wa NAS na musamman ne, irin Seagate IronWolf ko WD Red Plus. A nemi mai rubutun CMR, a guji SMR, wanda ke jan ƙafa ƙwarai in ana sake gina RAID. A 2020 aka gano cewa wasu faifan WD Red na tera 2 zuwa 6 SMR ne ba a bayyana ba, abin da ya sa kamfanin ya ware sunan Red Plus. Kada kuma a buɗe akwatin ga intanet don mai ofis ya riƙa leƙawa daga waya sai da wanda ya san aikin. A Janairu 2022 manhajar DeadBolt ta kulle dubban akwatunan QNAP da aka bari a buɗe, a Yuni 2021 kuma an goge na'urorin WD My Book Live daga nesa. Asusun da ke rubuta kwafi a NAS ya zama daban, da kalmar sirrin da ma'aikata ba sa amfani da ita.

Uwar garke da NAS duka suna buƙatar UPS, zai fi kyau mai wayar USB da ke umartar na'ura ta rufe kanta in batiri ya yi ƙasa. Batirin UPS ba ya daɗewa a zafi, rayuwarsa na raguwa kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 sama da 25. A gwada shi duk wata uku ta hanyar zare filogi.

Ajiya ta intanet

Kwafin da ke intanet ba ya ƙonewa da shago, ba ya kuma buƙatar wani ya hau babur. Matsalarsa a nan ita ce hanya. Saurin turawa ake dubawa, ba na saukewa ba, kuma na turawa ya fi ƙanƙanta. A kan mega-bit 5 a daƙiƙa, tura giga 100 na cin awa 44 ba tsayawa. A kan mega-bit 2, abin da ba baƙo ba ne a ƙauye da yamma, ya haura awa 110, ban da kuɗin data. Bayan turawar farko abin da ya canja kawai ake turawa, wannan da sauƙi. Amma ranar da faifai ya mutu sai an sauko da komai, ofis yana jira. Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, da ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, ya sauƙaƙa wa masu hali, sai dai shi ma yana son wuta da kuɗin wata.

Hanyar kuma na iya yankewa gaba ɗaya. A Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga tangarɗa. Kamfanonin ajiyar su ma ba su fi ƙarfin ƙaddara ba: a Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a Faransa, wasu abokan cinikinsa suka rasa bayanansu da kwafinsu tare domin a harabar guda suke.

Don haka hukuncin da ya dace da yankin shi ne intanet ta zama kwafi na uku, ta ɗauki muhimman abubuwa marasa nauyi: lissafin kuɗi, rajistar ɗalibai, takardun fili da na yarjejeniya. Bidiyo da hotuna su zauna a faifai. Google na ba da giga 15 kyauta, wanda Gmail da hotuna ke ci a ciki, OneDrive giga 5. Abin da ya wuce haka haya ce, wasu kamfanonin kuma da dala suke karɓa, ga canji na hawa da sauka, ga katin naira da aka sha taƙaita masa biyan kuɗi a waje. A tabbatar da hanyar biya kafin a dogara.

Abu biyu ake yawan ruɗewa a kansu. Foldar da ke daidaita kanta da Google Drive ko OneDrive madubi ce: abin da aka goge a ofis yana gogewa a can, kwandon shara na Google Drive kuma kwana 30 yake riƙewa. Ana buƙatar manhajar da ke tura kwafi mai kwanan wata, irin Duplicati ko restic. Na biyu shi ne mallakar asusun. In yaron shago ne ya buɗe shi da lambar wayarsa, ranar da ya bar aiki ya tafi da mabuɗin. A buɗe shi da sunan sana'ar, da layin da mai ofis ke riƙe kuma yake amfani da shi, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na sake sayar da shi, an kuma rufe layuka da yawa a 2024 saboda rashin haɗa su da lambar NIN. Google ma yana da ikon share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Tura wa kai takardu ta WhatsApp kuwa dabara ce ta fita kunya, ba tsarin ajiya ba.

Manhajar kwafi da kulle faifai

Jan folda da hannu a sauke a faifai ya fi babu, amma yana danne tsohon kwafi da sabo, in sabon ya lalace an rasa duka. Manhajar da ta dace tana aiki da jadawali, tana riƙe kwafin ranaku daban-daban, tana kuma faɗin in ta kasa. Windows Server na da Windows Server Backup a cikinsa. Veeam Agent na da nau'in kyauta da ke iya ɗaukar hoton kwamfuta gaba ɗaya, Synology na da Hyper Backup, masu Linux na da rsync da restic. Manhajar lissafi irin QuickBooks ko Sage sai an rufe ta, ko a yi amfani da nata maɓallin kwafi, domin fayil ɗin da aka kwafa yana buɗe na iya ƙin tashi.

Faifan da ke fita daga ofis dole a kulle shi da BitLocker, wanda ke cikin Windows Pro, ko VeraCrypt na kyauta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma ba shi awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC in an samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Faifan asibiti da ya faɗi a kasuwa ba a kulle ba irin wannan ɓaraka ce. Amma kulle yana da nasa haɗarin. BitLocker na ba da mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda in ya ɓata tare da kalmar sirri babu injiniyan da zai buɗe faifan. A buga shi a takarda, kwafi biyu, a ba mutum biyu amintattu, kada a adana shi a cikin uwar garken da ake tsoron mutuwarta.

Saye

Yawancin kayan daga Kano suke zuwa, daga shagunan titin Beirut da Farm Centre, wasu daga Computer Village ta Ikeja. Akwai na ƙwarai, akwai kuma tsohon faifan laftof da aka sa wa sabon gida da kwali. Faifan ajiya ba wurin neman rangwame da na hannu ba ne. A karɓi rasit mai lambar jikin faifan, a duba lambar a shafin garanti na kamfanin da ya ƙera shi. Manhajar CrystalDiskInfo na nuna awannin da faifai ya yi yana aiki da wuraren da suka lalace a cikinsa, sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwan awanni ba, kodayake akwai masu goge wannan lissafi. H2testw na cika faifai da bayanai ta sake karantawa, da ita ake kama filash ko SSD da aka rubuta wa tera 2 alhali cikinsa giga 32 ne. Duk wanda farashinsa ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, amsar tana cikin farashin. In za a sayi biyu ko uku, a bambanta kamfani ko lokacin saye, don kada aibin ƙira ɗaya ya kashe su a wata guda.

Gwaji da ritaya

Kwafin da ba a taɓa dawo da shi ba zato ne kawai. Sau ɗaya a wata a zaɓi fayil uku ko huɗu daga faifan da ya dawo daga gida, a buɗe su a wata kwamfuta daban. Sau biyu a shekara, misali lokacin hutun makaranta ko bayan an gama kakar riɗi, a dawo da komai a auna awannin da ya ci. Wanda zai yi gwajin ya zama ba wanda ya kafa tsarin ba, yana bin takardar umarni shafi guda, domin ranar da abin zai faru mai yiwuwa injiniyan yana Dutse ko Kano. A ajiye littafi kusa da uwar garke, a riƙa rubuta kwanan wata, lambar faifai da sunan wanda ya sauya. Aikin ya zama na mutum ɗaya sananne, da mataimaki.

Faifan da ya fara ƙara ƙas-ƙas, ko yake ɓacewa yana dawowa, a kashe shi nan take. Kada a buɗe shi, kada a yi ta jona shi ana gwadawa, domin kowane juyi na ƙara karce farantin. Ceto bayanai aikin ƙwararru ne a manyan birane, kuɗinsa kan ninka na sabon faifai sau da yawa, kuma babu tabbas.

Ko faifai bai nuna alama ba, a yi masa ritaya bayan shekara huɗu zuwa biyar, a sauya su ɗaya bayan ɗaya ba lokaci guda ba. Kafin a sayar ko a kyautar da tsohon, a sani cewa fomat na gaggawa jadawali kawai yake sharewa, fayilolin suna nan, manhajar kyauta ma na iya dawo da su. Cikakken fomat a Windows na yanzu yana rubuta sifili a kan faifan duka, shi ake yi, ko da zai ci yini. Faifan da ya ɗauki bayanan marasa lafiya ko na bashin mutane kuma ya ƙi karɓar fomat, a huda shi da na'urar huda ƙarfe a wuri uku kafin ya shiga hannun 'yan gwangwan.